Dawisu da Littafin da Ya Ƙi Tashi

An yi wata Gafiya mai saurin fushi, ita ke riƙe da littafin sunayen dabbobin dawa. Duk farkon damina Shamuwa ke ɗaukar littafin a baki, ta haye kogi ta kai wa Giwa mai rabon gonaki. Wanda babu sunansa a ciki, ba shi da gona a shekarar.

Hoton kowa a kan allo ake zana shi, Gafiya ta rataye a ɗakin ajiya. A littafi kuwa suna kawai take rubutawa, da lambar ƙusar da allon ke rataye.

Rannan sai ga Dawisu, mai son a gan shi, da alluna tara masu hotonsa.

"Ke Gafiya, wa ya ce ki rataye ni a duhu? Manna su cikin littafin, Giwa ta gan ni da idonta."

"Malam Dawisu, allo ɗaya ya fi sunaye ɗari nauyi. Wa zai ɗauka?"

"Baƙin ciki ne kawai, mai jela kamar igiyar guga."

Gafiya ta ji kamar ta gartsa masa cizo. "To a ina zan sa su? Layi ɗaya gare ka, kamar kowa."

"Goge layin. Wanda ya ga wannan jelar ba ya tambayar suna."

Ta goge, ta dama ƙaro, ta manna allunan tana huci. Littafi ya kumbura har ya ƙi rufuwa.

Ranar tafiya Shamuwa ta ɗaga, wuyanta ya lanƙwashe. Ta sake gwadawa, ta kife a ƙasa.

"Wane marar tausayi ya cika wannan da itace? An ce muku ni jaka ce?"

Ta ɓamɓare allunan ɗaya bayan ɗaya, ta watsar, ta ɗauki littafin ta tashi abinta. Gafiya na kallo.

Aka yi rabo, har Kwaɗo ya samu kunya biyar, Shamuwa ta dawo da littafin. Dawisu ya faɗo ɗakin ajiya yana kumfar baki.

"Ina gonata?"

Gafiya ta buɗe masa shafin. Babu komai sai busasshen ƙaro.

"To rubuta ni yanzu."

"Giwa ta rufe rabo. Sai baɗi, in Allah ya kai mu."

Darasin wannan labari shi ne, 'ya'yana, abu mai nauyi a bar shi a ma'ajiyarsa, a rubuta inda yake kawai. Wanda kuma girman kai ya sa ya raina layi ɗayan da Allah ya ba shi, zai nemi layin ya rasa.