Hannuwan da Suka Ƙi Ɗaukar Jika

A watan da aka haifa masa jikarsa ta farko, akwai wani malamin tarihi a birnin Santa Fe, Hilario Benítez, da hannuwansa suka daina yi masa biyayya. Yana ɗaukar littattafai, yana juya nama a kan garwashi ranar Lahadi. Amma da an miƙo masa jaririyar, sai su mutu tun daga kafaɗa.

Likitan ƙashi bai ga komai ba. Na jijiya ma haka.

'Yarsa Ludmila, uwar jaririyar, ta daina miƙo masa ita. Saura mako uku ta koma wurin mijinta a can kudu.

"Baba, in ba ka son ta, ka faɗa kawai," in ji ta.

Shekara goma sha huɗu Hilario ya yi yana zuwa wurin likitan tunani duk Talata, kamar yawancin abokansa. Yana da bayani uku kan ciwon, kowanne da littafin da ya samo shi. Babu bayanin da ya ɗaga masa ko yatsa.

Ƙanensa Cacho, mai facin taya, shi ya tura shi wurin wata likitar, Noemí Acuña.

"Je ka, farfesa. Ita ba ta cika sauraron surutu ba. Ka ga kuwa ka shiga uku."

Ya je da raini. Ya fara zuba bayani, sai ta ce ya cire takalmi.

"Likita, hannu ne ke damuna."

"Na ji. Yanzu ina kake jin ƙasa, a diddige ko a yatsu?"

Bai sani ba. Ya fita yana tunanin ko ɓatan gida ya yi.

A zuwa na biyu ta sa shi ya tura bango yana numfashi. A na uku ta naɗe ƙunshin ganyen shayin mate, kilo huɗu, a tawul, ta ɗora masa a hannu. Minti bai cika ba gwiwar hannunsa ta ƙage, gumi ya keto masa.

"Ka taɓa riƙe wani abu haka?"

Ya yi dariya. "Cacho mana! Shekarar ambaliya, ina da shekara tara, shi wata biyu. Mama ta ɗora mu kan rufi ta koma ɗauko kakarmu. Tun safe har la'asar ina riƙe da shi. Mai kwalekwale sai da ya ɓanɓare shi daga hannuna. Duk bikin gida sai na ba da labarin nan, ana ta dariya. Likitan tunanin ma ya ji shi ya fi sau ashirin."

"To ajiye shi."

"Wa?"

"Abin da ke hannunka. A hankali. Kai za ka ajiye, ba wanda zai karɓa."

Ya kasa. Ya tsaya yana kallon hannuwansa kamar na aro. Ta ce ya lanƙwasa gwiwa, ya saki numfashi, ya bari nauyin ya sauka zuwa ƙafafu. Sai da aka yi kusan rabin sa'a ƙunshin ya taɓa tabarma. Hannuwan suka kama rawa, hawaye na zuba, shi kuwa yana ta tambaya.

"Ban gane ba. Ai yaron bai mutu ba. Ga shi can da sanƙo da tumbi. Kukan me nake yi?"

"Ba sai ka gane yau ba," ta ce. "Sake ɗauka."

Mako biyu yana ɗauka yana ajiyewa, a wurinta da a gida. Har yanzu bai samo bayanin da ya gamsar da shi ba.

Ana gobe Ludmila za ta tafi, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, ya ce a kawo jaririyar. Ludmila ta dubi Cacho.

"Ba shi," in ji Cacho. "Ni ai bai yar da ni ba."

Ta ɗora masa ita, amma ba ta janye nata hannun ba.

"Baba, hannunka na rawa."

"Bar shi ya yi rawarsa. Kada ki karɓe ta tukuna."

Darasi: Ba duk ciwon da baki ya iya ba da labarinsa ne ya warke ba, wani yana nan a kafaɗa da numfashi, yana jiran a saurare shi. Kada yawan sani ya sa ka raina hanyar da ba ka gane ba, kuma kada ka yi saurin kiran rauni ƙiyayya. Ku tura wa wanda ya daɗe yana dariya kan abin da ya yi masa nauyi.