Fayil Ɗin Da Ya Ce Babu Izini

Akwai wata mata mai kula da kwamfuta a wani ƙaramin asibitin ikilisiya. A cikin kwamfutar akwai fayil mai ɗauke da sunan kowane majinyaci, da ciwonsa, da maganin da ake ba shi.

Ana nan sai aka sabunta manhajar asibitin. Da safe matar ta zo shigar da tsohon fayil cikin sabuwar manhaja, sai kwamfuta ta ce, "Babu izini." Ta sake gwadawa, amsar ba ta canja ba. Ga majinyata sun cika benci, ba kuwa mai ba su magani sai an ga abin da aka rubuta musu.

Mai ba da magani ya leƙo yana share gumi, ya ce, "Haba Anti, ki buɗe fayil ɗin nan ga kowa da kowa mana! Dannawa ɗaya ce, mu huta."

Gaskiyarsa, dannawa ɗaya ce. Amma kwamfutar a haɗe take da duk kwamfutocin harabar ikilisiya. In ta yi haka, kowa zai iya karanta ciwon maƙwabcinsa, har wanda mutum bai faɗa wa ɗan'uwansa ba. Ta ce, "Ƙanena, kada garin neman gira mu rasa ido. Amanar mutane ce."

Ta natsu ta bincika. Ashe fayil lafiyarsa ƙalau. Sunan tsohuwar manhaja ne a kansa a matsayin mai shi, sabuwar kuwa da sabon suna ta zo, don haka baƙuwa ce a wurinsa. Ba mai ikon sauya sunan sai tsohon likitan da ya kafa asibitin, gama shi ke riƙe da babbar kalmar sirri. Yana gona, wayarsa ba ta shiga.

Matar ta fita ta ba majinyata haƙuri da bakinta, ta sha gunaguni har ta ƙoshi, ta hau acaɓa ta ɗauko tsohon. Ya zauna da laka a ƙafarsa ya sauya sunan, fayil ya shiga. Kowa ya karɓi maganinsa, ya koma gida asirinsa a rufe. Ni kam matar nan ta burge ni ƙwarai.

'Yan'uwa, ga ma'anar misalin. Fayil ɗin nan shi ne zuciyarka. Ka sabunta rayuwarka ta waje, ka daina tsofaffin halaye, ka fara zuwa sujada, amma Maganar Allah ta ƙi shiga, sai ka ce ka lalace. Ba ka lalace ba, sunan tsohon mai gida ne har yanzu a ciki. Masu gaggawa za su ce ka buɗe wa kowace koyarwa, ko wata za ta dace. Kada ka yarda. Yi kamar matar nan: jure gunaguni, tashi ka nemi Ubangiji. Da hannunka ba za ka iya goge tsohon sunan ba. Je ka kira Mai ikon rubuta nasa.