Suna Ɗaya a Taswirar Duwatsun Wata

Ku ajiye wayoyin nan ku saurara, yau sai kun yi faɗa da juna kafin ku tashi.

Wata cibiyar bincike ce ta harba na'ura tana zagaya wata, tana auna ƙarfe da sauran ma'adinan da ke ƙasarsa. Aka sa mutum uku su fitar da taswira: ina baƙin dutse shimfiɗaɗɗe yake, ina farin dutse mai tsaunuka, don jirgi ya san inda zai sauka.

Jatau ne mai karɓar saƙon na'urar. Ranar da take turo awon, iska ta karkatar da faifan kama saƙon da ke kan rufi. Ya hau ya tallafe shi da kafaɗa, awa huɗu cikin rana, har fatar wuyansa ta saluɓe. Ba don shi ba, ko lamba ɗaya ba a samu ba.

Lambobi sun zo, amma wa ya san wacce ce ta wane dutse? Barmani ta tafi har Biu, ta ɗauko baƙin dutsen da aman wuta ya bari, irin na wata, ta daka shi a turmin uwarta. Turmi ya tsage, tsohuwa har yau ba ta amsa gaisuwarta. Ta auna garin dutsen, ta gwada da lambobin, sai kowane dutse ya fito da sunansa.

Mantau kuwa ɗan mai ɗinkin hula ne, ba ya yarda da aiki sai ya juya cikinsa. Ana gab da aika taswira ya kifa takardar, ya ɗaga ta a haske, ya ga an kwafe ta a juye, dama ta koma hagu. Ba don ya gyara ba, da jirgin ya daki tsauni ya tarwatse.

Jirgi ya sauka lafiya. Sai shugaban cibiya ya ce suna ɗaya tak za a rubuta a ƙasan taswira.

Jatau ya yaye wuyan riga. "Ranka ya daɗe, wannan tabon kwalliya na yi?"

"Ai ko jaki zai iya tallafar faifai," in ji Barmani. "Ni uwa na rasa!"

Mantau ya buga tebur. "Ku biyun nan gawar jirgi kuka zana!"

Wata uku ke nan taswira na rataye ba suna, su ukun ba mai sallama ga wani.

To ku da kuka ƙoshi kuna zaune, sunan wa za a rubuta?