Rana a Wayar Alhaji Barau

Wai an yi wani attajiri, Alhaji Barau mai siminti, da Sagiru ɗan Tasalla ya haɗa wa sola. Ran nan aka wuni ruwa, batir ya mutu. Alhaji ya tsare Sagiru a shagonsa na siminti.

Tasalla ta zo da gudu.

"Alhaji, me ya yi?"

"Wayata ta ce yau rana ake ƙwal. Ya kawo wuta yanzu, ko ya kwana hannun 'yan sanda."

"Anya wayar ba ta yi kuskure ba?"

"Daga tauraron ɗan'adam take jin labari. Ba ta ƙarya!"

"Haka ne, mu da ba mu yi boko ba me muka sani? Sagiru, fitar wa Alhaji simintinsa waje ya sha rana."

Sagiru ya sungumi buhu. Alhaji ya zabura ya tare ƙofa.

"Ke! Ba ki ga ruwan da ake tafkawa ba?"

"Na gani, solar ma ta gani. Wayarka ce ba ta leƙo ba."

"Kwashi ɗanki ku tafi!"

"To a ara mana lema, kada rana ta jiƙa mu."