Ɗinkin da Rayna Ta Yi wa Bel Ɗin Ɗanta

Rayna ce ta fara ba ni wannan labari da bakinta, ranar Juma'ar da ta wuce, muna tsakar gidana muna gasa tattasan da za mu zuba a kwalba kafin sanyi ya shigo. Shekararmu arba'in muna maƙwabtaka. Ita ta ce in rubuta, kuma kada in sakaya sunan kowa, har nawa. Karatuna bai yi nisa ba, jikokina, ku karɓe shi yadda ya fito.

Akwai wani mutum a garin nan namu na Bulgeriya, sunansa Blagoy. Bakanike ne, kuma shi ke duba motoci a tseren da ake yi a tsohon filin jirgin sojoji na bayan gari. Kun dai san tseren. Mota biyu su jeru, fitila ta yi kore, su miƙe sambal, kafin ka kurɓi kofi sau biyu an gama.

Babu motar da ke hawa layi sai Blagoy ya sa hannu. Yakan duba birki da taya da hular kwano, amma inda ya fi takura wa mutane shi ne bel ɗin da ke ɗaure direba a kujera. Bel ɗin tsere ba irin na motar gida ba ne. Igiya biyar gare shi, kuma a jikinsa akwai ɗan ƙyalle da aka rubuta watan da wa'adinsa zai ƙare. Ko kwana ɗaya ya gota, Blagoy zai ce ka tura motarka gida. Shi ya sa direbobi suka sa masa suna Suruka.

Rayna tana da ɗa guda tilo, Zlatan, magidanci mai 'ya'ya mata biyu. Shekara uku yana haɗa motarsa a garejin bayan gida. A shekarar da abin ya faru shi ne a kan gaba a gasar, saura tseren ƙarshe kawai.

Ranar Alhamis ya kai motar dubawa. Blagoy ya leƙa, ya juya ƙyallen, ya girgiza kai.

"Wa'adinsa ya wuce da wata biyar."

Zlatan ya ce, "Haba Kawu Blagoy! Na yi odar sabo, bai iso ba ne. Bel madara ne da zai yi tsami?"

"Madara in ta lalace hancinka zai gaya maka. Wannan kuwa bango ne zai gaya maka. Ka kawo sabo ranar Asabar, ko ka zo da kujera ka yi kallo."

Zlatan ya dawo gida ya ture kwanon abinci. Uwa kuwa ba ta jure ganin haka.

To Rayna shekara talatin da ɗaya ta yi a masana'antar ɗinki. In ta yi maka faci, sai ka nemi wurin ka rasa. A garejin akwai wani bel da aka yar saboda ruwan batir ya cinye masa igiya ɗaya, amma ƙyallensa da sauran shekara guda. Ta ɗauko reza ta farke ƙyallen a hankali. Tsohon bel ɗin Zlatan ya koɗe saboda rana, sai ta tafasa shi cikin baƙin rini, ta shanya, ta goge. Sannan ta zauna bakin taga ta ɗinka masa ƙyallen nan da ta farke, tana bin ramukan allurar farko ɗaya bayan ɗaya.

Da Zlatan ya gani sai ya fashe da dariya, ya sumbaci hannunta. "Inna, ke ce ya kamata a ba kofin!"

Ranar Asabar ta watsa masa ruwa a bakin ƙofa yadda muke yi wa mai fita neman sa'a, ta bi shi filin da faranti na banitsa mai zafi, gashin fulawa da cuku irin na ƙasarmu.

Blagoy ya karanta ƙyallen. Sai kuma ya kama igiyar yana murzawa da yatsu, ya daɗe yana murzawa.

"Zlatan, wannan sabo ne?"

Kafin ya amsa, Rayna ta shiga tsakani. "Blagoy, ni na karɓo shi daga gidan waya da hannuna. Ko ni ma za ka juya ƙeyata ka duba wa'adina?"

Mutane suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Yau Suruka ta gamu da uwar miji!" Blagoy ya kalli Rayna, ya kalli taron, ya sa hannu.

A zagaye na uku, dab da ƙarshen layi, tayar baya ta fashe. Motar ta juya ta daki bango. Igiyar kafaɗa ta tsinke kamar zaren da ya ruɓe.

Zlatan bai mutu ba, mun gode Allah. Amma ƙashin bayansa ya taɓu. Yau da sanda biyu yake tafiya, hannun damansa kuma ko tulun ruwa ba ya ɗagawa.

Masu shirya tseren suka zauna. Suka ga ƙyalle lafiya, bel kuma ya tsinke, ga sa hannun Blagoy a takarda. Suka ce bai duba da kyau ba, suka sallame shi. Bai ce uffan ba. Rayna ta yi shiru, Zlatan ma ya yi shiru don ya rufa wa uwarsa asiri.

Yanzu ga nawa rabon.

A wannan makon ina layin burodi, mata na ta jimami, sai na buɗe baki na ce ai Blagoy warin giya yake yi a safiyar nan. Jikokina, ban ji warin komai ba. Ko filin ban je ba. Ina jin zafin abin da ya sami ɗan ƙawata, ina son a samu wanda za a tsana, sai na samo. Kafin Lahadi maganata ta zama abin da kowa ya gani da idonsa.

Mutane suka daina kai masa gyara. Matarsa Nevena ta koma tsayuwa can bayan coci ita kaɗai. Da ta rasu, ban je jana'iza ba. Shekara shida ke nan. In na hango shi a hanya sai in tsallaka titi, ina jin kaina mutuniyar kirki.

Ranar Juma'ar nan, Rayna tana ɓare tattasai, ba ta ko ɗago kai ba, ta zayyana min komai. Na tambaye ta me ya sa sai yanzu. Ta ce jiya ta ga babbar 'yar Zlatan ta tofar da yawu a gaban garejin Blagoy, shi kuma yana zaune yana kallonta.

Na ce, "Rayna, kin cuci ɗanki, kin cuci bawan Allah nan, kin cuce mu duka."

Ta ce, "Na sani, Tsveta. Allura tawa ce. Amma ni na ce ki ce ya sha giya?"

Tattasai ya ƙone a kan wuta, babu wadda ta tashi.

Washegari da safe na ɗaura kallabina na buga mata ƙofa. Na ce ta zo mu je. Ta ce ƙafafunta ba za su kai ta ba, in je in faɗa a madadinta. Na tafi ni kaɗai.

Na same shi a shagon kofi na bakin kasuwa, inda tsofaffi ke taruwa. Su suna teburi ɗaya, shi yana nasa a kusurwa. Na tsaya a tsakiya, ban gai da kowa ba, na ɗaga murya.

Na ce, "Ku ajiye kofunanku. Ni na ce Blagoy ya sha giya ranar tsere. Ƙarya na yi." Sannan na faɗi na Rayna, reza da rini da allura, ban rage komai ba.

Blagoy ya juya cokali a kofinsa.

Ya ce, "Tsveta, har yanzu muryarki na tada kurma. Na san ɗinkin. Da aka kawo min bel ɗin bayan hatsarin, na juya bayansa na gane hannunta."

"To me ya hana ka magana, mutumin Allah?"

"Ɗanta na kwance ba a san ko zai tashi ba, in je in ce ita ce? Kuma ba duka aka yi min ƙarya ba. Giya dai ban sha ba. Amma yatsuna sun gaya min bel ɗin nan ya bushe. Na ji kunyar Rayna, na ji tsoron dariyar mutane, na sa hannu. An ajiye ni a wurin don in ce a'a, ban ce ba."

Na ce, "Ka yafe min. Har da ta Nevena."

Bai ce ya yafe ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya dai jawo kujera da ƙafa ya tura min. Sai ya kalli waje. Na waiga. Ashe Rayna ta biyo ni, tana tsaye tsallaken titi, ta riƙe sandar fitila da hannu biyu.

Ya ce, "Je ki shigo da ita, kada ta faɗi."

Na fita na kamo hannunta, na tsallako da ita.

Darasi: Wanda ya hana ɗanka hawa mota saboda bel ba maƙiyinka ba ne, kada ka yi masa dabara, kada ka sa shi jin kunya a gaban mutane. Kai da aka ba aikin dubawa, ka ce a'a ko uwarka ce ta roƙe ka. Ke kuma mai baki irin nawa, abin da ba ki gani ba kada ki ce kin gani. Ku tura wannan labari ga duk wanda ke da direba a gida, musamman iyaye mata, don mu ne muka fi iya cutar da namu da sunan ƙauna.