Kalanzir a Gorar Ruwa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, tela ne, shagonsa yana jikin gidansa. Ya iya ɗinki, amma zafin rai ya yi masa yawa. In ya yi gyaran murya, har kajin gidan nutsuwa suke yi.

Matarsa ta sami aikin koyarwa, sai ya ɗora rainon autansu, ɗan shekara biyu, a kan 'yarsa mai shekara sha uku. Me ya koya mata? Ko ɗaya. Bai nuna mata abin da za ta kawar daga gaban yaro ba, bai gaya mata wanda za ta kira ba. Bulala kawai ya nuna mata, ya ce, "Ko ƙwarzane na gani a jikinsa, jikinki zai gaya miki."

To shi kuma yana da wata ɗabi'a. Kalanzir ɗin da yake wanke keken ɗinki da shi, a gorar ruwa yake zuba shi, ya ajiye a bayan ƙofa.

Wata rana da azahar ya tafi sayen zare. Yarinya ta juya shanya wanki, yaro ya jawo gora ya kurɓa. Ta ji warin a bakinsa, ta ga yana tari. Maƙwabciyarsu tsohuwar nas ce, katanga ce kawai tsakaninsu. Amma yarinya ta tuna bulala. Sai ta wanke masa baki, ta canja masa riga, ta goya shi ta yi shiru.

Sai la'asar uwar ta dawo ta tarar numfashinsa yana sarƙewa.

A asibiti likita ya tambayi yarinyar, "Me ya hana ki faɗa tun ɗazu?"

Ta dubi ƙasa ta ce, "Baba nake tsoro."

Wallahi telan nan a wurin ya zauna a ƙasa, a gaban jama'a. Wa zai daka? Wa ya zuba kalanzir a gora? Wa ya rufe wa yarinya baki? Kwana tara yana zaune a barandar asibiti, ko ido ba ya iya haɗawa da matarsa.

Allah da ikonsa yaro ya tashi. Tela ya karya bulalar. Ya je ya roƙi nas ɗin, ta riƙa tara yaran unguwa masu raino a shagonsa duk Asabar. Ta koya musu kada a bar yaro kusa da bokitin ruwa, a ɗage magani da ashana sama, kada a sa wanda ya sha kalanzir amai, a ruga a kira babba.

Bayan wata uku, yana kan keken ɗinki, 'yar ta shigo da gudu. "Baba, Auta ya faɗi, leɓensa ya fashe."

Ciwon bai kai ya kawo ba. Amma tela yana goge jinin yana hawaye, don a karon farko wurinsa ta rugo.

Ya 'yan uwa, raino amana ce, kuma ba a ba yaro amanar da ba a koya masa ba. Ku koya musu, ku gaya musu duk abin da ya faru su faɗa, ba duka.

Allah ya kiyaye mu, ya sa kada tsoronmu ya hana 'ya'yanmu kiranmu.