Waya Ɗaya, Mutum Biyu

Akwai wani matashi da ake ce wa Injiniya, mai gina shafukan intanet. Ilimi kam akwai shi, sai dai kunnen ƙashi.

Asibitin unguwarsu ya ba shi aikin shafin ajiye bayanan marasa lafiya. A irin wannan aiki, 'ya'yana, kowane mutum sai an ba shi lamba tasa shi kaɗai, suna ce mata mabuɗi. Da ita ake haɗa sunansa da magungunansa. Manhajar da yake aiki da ita takan ba da lambar da kanta. Injiniya ya cire wannan, ya sa lambar waya, wai ta fi burgewa.

Abokin aikinsa Dogo ya ce, "Mutumina, mu fa gidanmu waya ɗaya ce, har da kakarmu."

"Ai ku sai a hankali," in ji Injiniya yana dariya.

Ran nan yana ofis matarsa ta kira. "Baban Ummi, zazzaɓi ya kayar da yarinyar nan. Muna asibiti, za a yi mata allura."

Akwai allurar da jikin Ummi ba ya so, in an yi mata sai ta kumbura numfashinta ya sarƙe. An rubuta hakan a shafin. Sai ya tuna: kwanan baya matar ta yi wa kanta rajista da lambar wayar da aka yi wa Ummi rajista da ita. Bayanin uwa ya hau kan na 'ya ya shafe shi.

Ya kira, ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Ya fita a guje ko takalmi babu.

Ya tarar an riga an yi. Leɓen Ummi ya kumbura, ƙirjinta na ƙara kamar fito, likita na kanta, uwar ta dafe bango. Ya tsaya bakin ƙofa.

Da kyar numfashin ya dawo.

Nas ta nuna kwamfutar. "Nan aka ce babu maganin da jikinta ke ƙi. Wane marar tsoron Allah ne ya gina abin nan?"

"Ni ne," ya ce.

Ya kira Dogo yana hawaye. Dogo bai yi masa gori ba. Cewa ya yi, "Ga ni nan zuwa. Ka ce a kashe shafin yanzu. Gida nawa ne a unguwar nan masu waya ɗaya?"

Darasi: Abin da mutum biyu za su iya haɗawa ba ya zama shaidar mutum ɗaya. In an ba ka shawara, ka ji kafin ka yi dariya. Ku tura wa 'ya'yanku masu aikin kwamfuta, rayukan mutane ne a hannunsu.